Injin Tsere a Cikin A-kori-kura: Abin da Ke Biyo Bayan Dashen

A ƙarshen shekarar 2017, a kasuwar baje kolin kayan motoci ta SEMA da ake ci duk shekara a birnin Las Vegas na Amurka, Mopar, wato sashen kayan gyara na kamfanin da a lokacin ake kira Fiat Chrysler, ya fito da wata haja da masu son gudu suka daɗe suna jira. Inji ne sabo dal a cikin akwati, mai silinda 8 da lita 6.2, da sufacaja, wato na'urar dura wa inji iska, ɗaure a kansa, irin wanda aka fara sa wa Dodge Challenger Hellcat ta 2015. Ƙarfinsa doki 707. Suka raɗa masa suna Hellcrate, suka yanke masa kuɗi kusan dala 20,000. Don a gane girman abin, Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wadda muka saba gani a titunanmu, ƙarfinta bai wuce doki 160 da 'yan kai ba.

Amurkawa sun daɗe da al'adar cire inji daga wannan mota su dasa a waccan, kuma tsohuwar a-kori-kura tana cikin motocin da suka fi yi wa haka. Ƙarƙashin bonet ɗinta akwai wadatar fili, jikinta a kan shasi yake zaune, ana iya ɗage shi, injin a miƙe yake daga gaba zuwa baya, ƙarfin kuma tayoyin baya yake zuwa. Chevrolet C10 ta shekarun 1967 zuwa 1972, da ƙanwarta ta 1973 zuwa 1987, da Ford F-100, duk sun sha irin wannan tiyata. Wanda ya kalli bidiyon aikin a intanet zai ɗauka magana ce ta ɗaga wannan a ajiye wancan. A ganina injin shi ne ɓangare mafi sauƙi a duk aikin, domin shi kaɗai ne injiniyoyin kamfani suka riga suka gama lissafinsa. Sauran lissafin, tun daga giya har inda taya ta taɓa ƙasa, ya koma wuyan mai mota da bakanikensa.

Bari mu fara da abin da sufacaja take yi. Fetur ba ya cin wuta sai da iska, kuma iskar da yake bukata ba kaɗan ba ce: kilo 1 na fetur yana son kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Tura mai cikin inji ba wuya, kowane famfo zai yi. Iskar ce ke da wuyar samu. Injin yau da kullum zuƙa yake yi idan fistin ya sauka, iyakar rabonsa shi ne abin da nauyin iskar sarari ya turo masa, wato kimanin bar 1 a ma'aunin matsin iska, in a bakin teku ne. Shi ya sa mota ke yin sanyi idan ta hau tudu irin na Jos, domin ƙarfi yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 da aka hau. Mai neman ƙarin ƙarfi hanya biyu gare shi: ya ƙara girman silinda, ko ya dura iska da tsiya. Mai dashen da muke magana a kai ya haɗa biyun ne a lokaci guda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda garwashi ke yin ja idan aka danna zuga-zugi ya riga ya fahimci sufacaja. Asalinta ma daga can yake. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen jihar Indiana, su suka yi rajistar na'urar a 1860, kuma aikin da ta fara yi shi ne hura wutar narka ƙarfe da tura iska cikin ramukan haƙar ma'adinai. Sai a 1921 Mercedes ta nuna motocin sayarwa masu ɗauke da ita. A yau iri uku ake yayi. Akwai ta Roots ɗin, wadda kamfanin Eaton ya gyara ta zama ta zamani. Akwai mai dunƙulen sukurori biyu da ke murɗa juna suna matse iska a tsakaninsu, wadda Alf Lysholm ɗan Suwidin ya inganta a shekarun 1930, ita ce irin ta Hellcat. Sai mai fanka mai saurin juyawa, irin ta kamfanonin ProCharger da Vortech, wadda ba ta nuna kanta sosai sai inji ya ɗau zafin juyi.

Biyun farko su suka fi dacewa da mota mai nauyi, saboda tun daga ƙasa suke ba da ƙarfi, kana taka totur suna amsawa. Dukkansu da bel suke aiki, karanshaf ke ja, wato injin ne ke ciyar da su daga guminsa. Ta Hellcat, idan aka taka ta har ƙasa, tana cin kusan doki 80 kafin ta biya da riba. Tarbo ba haka take ba, da hayaƙin salansa take juyawa, shi ya sa ta fi tattalin mai amma takan ɗan yi jinkiri kafin ta farka.

Matsin da sufacajar Hellcat ke ƙarawa ya kai kimanin bar 0.8 a kan na sarari. Kusan ninki biyu ke nan na abin da silinda ta saba haɗiya, kuma a nan ne za a gane bambancin injin da aka ƙera don sufacaja da wanda aka ɗora wa ita daga baya. Chrysler tana da injin lita 6.4 mara sufacaja. Da ta tashi yin Hellcat sai ta rage tsawon tafiyar fistin, injin ya koma 6.2, ta sauke matsin silinda daga 10.9 zuwa 9.5, ta sa fistin da karanshaf na bugaggen ƙarfe, ta kuma sa ƙananan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. General Motors ma haka ta yi. Injinta na LS3 mai lita 6.2 yana ba da doki 430 da matsi 10.7, ɗan'uwansa LSA da aka sa wa Cadillac CTS-V ta 2009 yana ba da 556 amma matsinsa 9.1 ne. Kamfanonin nan sai da suka ja da baya a wani wuri kafin su ci gaba a wani. Wannan ne hujja mafi ƙarfi ta mai cewa gara a sayi cikakken inji da a ɗaura sufacaja a kan tsohon da ke cikin mota.

To an sayo inji. Matakin farko shi ne ya shiga, kuma shiga ba ita ce zama ba. Kujerun inji sai an yi sababbi ko an sayi na musamman. Tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji takan ci karo da ƙarfen da ya gitta shasi, a mota mai jan ƙafa huɗu kuma takan ci karo da aksil ɗin gaba, sai an nemo mai siffar da ta dace. Bututun hayaƙi yana neman hanyar da sandar sitiyari ta riga ta tare. Gangar birki tana tokare murfin bawul. Sufacaja ta ƙara wa injin tsayi, bonet ya ƙi rufuwa. Duk waɗannan ciwon kai ne, amma irin wanda mai walda mai haƙuri da ma'auni a hannu zai warware. Abu ɗaya da ba a gani da ido shi ne karkatar injin. Dole layin inji da giya ya yi daidai da layin hancin aksil ɗin baya, bambancin kada ya wuce 'yan digiri kaɗan. In an kuskure, mota za ta riƙa karkarwa a wani gudu na musamman, ta riƙa cin kuros ɗin farfela, mai ita ya yi ta canza taya yana neman laifin da ba a can yake ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin murɗa. Mutane sun fi riƙe adadin dawaki saboda shi ake rubutawa a talla, amma abin da ke karya ƙarfe shi ne murɗawar da karanshaf ke yi. Ta Hellcat ta kai 881 a ma'aunin Nm, ta Hilux ɗin da muka ambata kuwa kusan 245 ce. Kuma giya ninka ta take yi. Giyar kamfanin ZF mai hawa 8 da ake haɗa wa wannan inji, lamba ɗayanta tana ninkawa sau 4.71. A ce aksil ɗin baya yana ninkawa sau 3.55, adadin da ake yawan samu a a-kori-kura. Buga lissafin: sama da 14,000 ke isa ga sandunan da ke juya tayoyin baya a lokacin tashi. Sandunan nan an ƙera su ne shekaru 40 ko 50 da suka wuce don injin da bai kai rabin wannan ba.

Saboda haka abin yakan zo bi da bi. Wanda ya bar tsohuwar giya, ita ke fara tafiya. Masu dasa injin General Motors sun san giyar 4L60E ba ta jure irin wannan azaba sai an sake gina cikinta, shi ya sa suke komawa 4L80E ko 6L90, waɗanda aka yi wa manyan motocin ɗaukar kaya. Ita kanta Ford, da ta yi F-150 Lightning mai sufacaja daga 1999 zuwa 2004, mai doki 360 daga baya 380, giyar 4R100 ta manyan motocinta ta ɗauko ta sa mata. An gyara giya, sai farfela ta karɓi duka. An gyara farfela, sai haƙoran aksil. A nan ne ake jin sunayen Ford 9-inch da Dana 60, aksil biyu da suka yi suna wajen juriya. Muddin akwai wuri mai rauni a layin, ƙarfin zai gano shi. Abin dariya ma, tsofaffin tayoyi marasa kama ƙasa su ke kare sauran kayan, domin suna sulɓewa su zubar da ƙarfin a banza. Ranar da aka sa tayoyi masu faɗi masu kama kwalta, ranar ce wani abu zai ce ƙaras.

Farfelar a-kori-kura tana da wata matsala ta daban, wato tsawo. Kowace doguwar sanda mai juyawa tana da iyakar gudun da in ta kai, sai ta fara lanƙwasa tana kaɗawa a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon saurin kaiwa wannan iyaka. Da tsohon inji motar ba ta taɓa zuwa kusa da wurin ba. Da sabon inji, daƙiƙu kaɗan ne. Idan farfela ta tsinke daga gaba a kan gudu ta caki kwalta, tana iya ɗaga bayan mota sama. Maganin shi ne farfela mai kauri ta alminiyam, ko mai gaɓa biyu da boris a tsakiya, da zoben ƙarfe da zai tare ta in ta kuɓuce.

Sai sifirin ɗin baya. Yawancin a-kori-kura, har da C10 ta 1973 zuwa 1987, a kan sifirin mai falle-falle suke, wanda aka yi don ɗaukar nauyin da ke dannowa daga sama. Idan taya ta murɗa gaba da ƙarfi, gangar aksil tana son murɗawa baya, sai sifirin ya lanƙwashe, ya saki, ya sake lanƙwashewa, bayan mota ya kama tsalle-tsalle. Wannan tsallen yana karya sanda fiye da ƙarfin injin kansa. Ana ɗaure aksil ɗin da ƙarin sanduna ko a sauya tsarin gaba ɗaya. Ga kuma halittar motar: nauyinta a gaba yake, bayanta fayau in babu kaya. An ƙara mata inji mai gangar baƙin ƙarfe da sufacaja da ƙarin lagireto, duk a gaba, sannan an tura doki 700 zuwa ƙafafun da ba su da nauyin da zai danne su. A kan jiƙaƙƙen titi, ɗan taka totur a kwana ya isa ya juya motar ta kalli inda ta fito.

Birki ba ya bukatar dogon bayani. In gudu ya ninka sau 2, aikin tsayar da mota ya ninka sau 4. C10 ba ta samu birkin faifai a gaba daga kamfani ba sai 1971, kafin nan ganga ce a duk ƙafafu huɗu. Duk mai hankali birki yake fara yi kafin inji.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan injina a hankali shi ne zafi, kuma zafin kashi biyu ne. Na farko sananne: a cikin man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama aiki, sauran ya bi salansa da lagireto. In ƙarfi ya ninka sau uku, zafin da za a zubar ma haka, alhali hancin motar bai ƙara faɗi ba. Na biyun shi ne wanda mutane ke mantawa. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, wato wani ɓangare na ribar sufacaja ya zube ke nan tun kafin ya shiga silinda. Mafi muni, iska mai zafi tana sa cakuɗin mai ya fashe da kansa a lungun silinda kafin wutar fulogi ta iso wurin. Direba yakan ji wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas in ya taka, wani lokacin ma ba ya ji saboda rugugin salansa. A ƙaramin inji abin yakan tsaya a ƙara. A injin da ake dura wa iska, daƙiƙu kaɗan sun isa su fasa gefen fistin.

Shi ya sa LSA da Hellcat suke da na'urar sanyaya iska a cikin sufacajar kanta, da ruwanta daban, da famfonta na lantarki daban, da ƙaramin lagiretonta daban a gaban babban. Mai dashe sai ya nemo wa duk wannan wuri, tare da mai sanyaya baƙin mai da mai sanyaya man giya. In famfon nan ya mutu, babu hayaƙi, babu tafasa. Kwamfutar inji za ta ga iska ta yi zafi, ta jinkirta wutar fulogi don ceton injin, mota ta yi sanyi, mai ita ya rasa dalili. Sa'arsa ke nan in kwamfutar tana ganin abin da ke faruwa.

Wannan ya kawo mu ga waya, ɓangaren da ya fi tsayar da ayyuka a gareji wata da watanni. Injin zamani ba ya tashi sai da birenbos ɗinsa, wato kwamfutar inji, shi kuma birenbos ba shi kaɗai yake rayuwa ba. A motar da aka ciro shi yana magana da kwamfutar giya, da ta birki, da allon mita, da makullin hana sata, ta kan layin sadarwa na CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Ka raba shi da abokansa, sai ya ɗauka sace motar aka yi, ya ƙi ba da mai. A tsohuwar mota mara kwamfuta abin ya fi sauƙi, domin ana sayar da birenbos da wayoyinsa da totur ɗinsa na lantarki masu cin gashin kansu. Mopar ta sayar da irin wannan tare da Hellcrate, kamfanoni irin su Holley ma suna yi. A mota ta bayan 1996, lokacin da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II na kwamfutar binciken lafiyar inji, musamman ta shekarun baya-bayan nan, sai an sulhunta kwamfutar baƙo da ta 'yan gida, in ba haka ba a samu inji yana aiki amma mita a mace, na'urar hana birki kullewa a kashe, fitilun gargaɗi kuma duk a kunne.

Mai ma sai an sake masa hanya. Injin doki 700 da aka taka har ƙasa yana shan sama da lita 4 a minti ɗaya. Tsohon famfo da siririn tiyo ba za su iya kai wannan ba, kuma ƙarancin mai a lokacin da sufacaja ke dura iska shi ne hanya mafi sauri ta narka fistin. Sai sabon famfo a cikin tanki, wani lokacin guda biyu, da shinge a cikin tankin don kada mai ya gudu baya ya bar famfo yana zuƙar iska lokacin tashi. Bayan an gama komai sai a hau na'urar gwajin ƙarfi, a ɗaure motar tayoyinta na juyawa a kan ganguna, ƙwararre ya daidaita mai da wuta yana kallon ma'auni. Wanda ya yi rowar kuɗin wannan mataki bayan ya kashe dubban daloli, a kan titi zai yi gwajin, da injinsa zai biya. Sau da yawa in aka tara kuɗin giya, aksil, birki, sanyaya, mai da waya, sukan kamo kuɗin injin ko su wuce shi.

Akwai hanyar duba ko duk wannan ƙari ne na masu tsoratarwa, domin kamfanin da ya yi injin ya yi dashen da kansa. Ram 1500 TRX ta 2021 ita ce Hellcat a cikin a-kori-kura, doki 702. Sun ƙarfafa shasi da ƙarfe mai kauri, sun faɗaɗa motar da inci 8, sun sa Dana 60 a baya, sun sa giyar ZF mai jure murɗa, sun yi mata babbar matatar iska saboda ƙurar hamada. Ba su ba direba damar tafiya da ƙafa biyu ba sam, kullum huɗun ke ja, don a raba ƙarfin. Sun kuma ƙayyade gudunta a kilomita 190 a awa saboda tayoyin. Tana tashi daga tsaye zuwa kusan kilomita 100 a daƙiƙa 4.5. Ford ta mayar da martani a 2023 da F-150 Raptor R, mai injin lita 5.2 da aka aro daga Mustang Shelby GT500, doki 700.

Ga adadin da ya fi ɗaukar hankalina. TRX an yarda ta ja tirela mai nauyin kilo 3,670 ko kusa da haka. Ram 1500 ta yau da kullum ta 2021, mai injin lita 5.7 wanda bai kai doki 400 ba, in an tsara ta don ja, tana jan kusan kilo 5,780. Wadda ta fi ƙarfi ita ta fi ƙarancin jan kaya, domin abin da ke yanke hukunci shi ne sifirin, da nauyin motar kanta, da birki, da iya zubar da zafi na tsawon lokaci. Tsere daƙiƙu goma ne a huta. Jan kaya a hawan dutse minti ashirin ne sufacaja na dura iska ba hutawa. Ga shan mai: ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka ya ba TRX kimanin kilomita 5 a lita ɗaya.

Doka ma tana da bakin magana. A Amurka, ƙa'idar hukumar muhalli ita ce injin da za a dasa kada ya girmi motar a shekaru, kuma ya zo da duk kayan tace hayaƙinsa. Kalifoniya ta fi kowa tsanani, sai jami'in dubawa ya ga aikin ya amince, amma motocin fetur na 1975 zuwa baya ba a kai su gwajin hayaƙi. Wannan ne ya sa Mopar ta ce Hellcrate na motocin da suka girmi 1976 ne ko waɗanda ba sa hawa titin gwamnati, kuma yana cikin dalilan da suka sa tsofaffin a-kori-kura suka yi tsada a can. General Motors ta bi wata hanya, ta fito da jerin injina da ta kira E-ROD, masu zuwa da kayan tace hayaƙi da amincewar hukumar Kalifoniya.

A wajenmu sauya inji ba baƙon abu ba ne. Kullum ana sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a sa a mota kafin la'asar. Amma galibi iri ɗaya ake mayarwa, ko wanda ya yi kusa da shi, don haka giya da aksil da birki ba su san an yi canji ba. Wanda ya yi sha'awar irin na Amurkawa yana da ƙarin tarnaƙi. Hellcat tana bukatar fetur mai lamba 91 a ma'aunin Amurka na juriyar fetur ga fashewa da kansa, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin da sauran duniya ke amfani da shi, alhali gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a zaɓe, balle wanda ya ƙare a hanya ya sayi na 'yan bumburutu. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40, wato iskar ta riga ta yi zafi kafin a matse ta. Ƙurar hunturu kuma tana cinye fatar sukurorin sufacaja in matatar iska ba ta da kyau. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, kilomita 5 a lita ba ƙaramar magana ba ce. Sannan lambar inji tana cikin takardun mota, in ta sauya dole takardu su sauya, kamfanin inshora ma ya sani.

Masu Hilux a Afirka ta Kudu da Ostareliya sun fi son wani abu mai sauƙi: injin Lexus 1UZ-FE, silinda 8, lita 4, wanda ya fara fitowa a LS400 a 1989, doki 250 ko sama kaɗan, ba sufacaja. Ko shi ɗin sai an taɓa giya da lagireto da waya, amma bai fi ƙarfin shasin ba. Toyota da kanta ta taɓa sayar da sufacajar TRD, sashenta na kayan tsere, ga a-kori-kurarta Tundra mai lita 5.7, ta ɗaga ta daga doki 381 zuwa 504, dillalinta ke ɗaurawa da garanti, a motar da tun asali giyarta da aksil ɗinta manya ne.

Wanda kuwa bukatarsa ita ce a-kori-kura ta ja kaya ba ta nishi, tambayarsa daban ce, amsarta ma daban. Sauya haƙoran aksil daga 3.55 zuwa 4.10 yana ƙara murɗa a taya da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da an kwance ko noti ɗaya a inji ba, illarsa kawai inji zai fi juyawa a kan babban titi, ya ɗan ƙara shan mai. In kuma dashen ne dole, Amurkawa masu jan kaya dizal suke nema. Injin Cummins mai lita 5.9 da Dodge ta fara sa wa Ram a 1989 doki 160 kacal gare shi, daidai da Hilux, amma murɗarsa ta kai 540 tun inji bai ɗau gudu ba, famfon mansa kuma na ƙarfe ne zalla, ba ya jiran izinin kwamfuta. Nauyinsa ya kusa rabin tan, don haka ƙafafun gaba sai an ƙarfafa su kafin ya zauna.